Harbin nesa da tsohuwar bindiga: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: tsofaffin bindigogin soja masu sakata (ƙarfen da ake ja da hannu a ɗura harsashi bayan kowane harbi), waɗanda rundunoni suka sallama tun da daɗewa, da sha'awar gwada su a wasan harbin nesa. Na tsamo bakwai daga ciki. Duk abin da zan faɗa na mai lasisi ne, wanda ke wasansa a filin harbin da hukuma ta amince da shi.

Tambaya: Na ga ana gasar fasa galan na ruwa daga yadi 1,000 da tsohuwar Mosin-Nagant. Ni sabon shiga ne, kuma aljihuna ba nauyi. In na sayi irinta, zan iya?

Amsa: Malam, harsashin dai zai kai, har ya wuce. Saitin bayan Mosin, bindigar sojan Rasha, ƙirar 91/30, an rubuta masa lambobi har mita 2,000. Sai dai ba don mutum ɗaya ya sami ƙaramin abu aka rubuta su ba. A tunanin hafsoshin wancan zamanin, taron sojoji ne zai yi ta ruwan wuta a kan fili guda, ko wani ya dace. Kada lambar ta ruɗe ka.

Bari mu yi lissafi, shi zai raba gardama. Maharba suna auna daidaiton bindiga da wani ma'aunin kusurwa da ake kira MOA. MOA ɗaya santimita 2.9 ne a mita 100, kuma yana buɗewa gwargwadon nisa, ta yadda a yadi 1,000, wato mita 914, ya kai kusan santimita 27. Mosin ta gama-gari, da harsashin rarar soja, takan tara harbinta cikin MOA uku zuwa huɗu. A mita 100 wannan bai wuce santimita 9 zuwa 12 ba, ba laifi. A mita 914 kuwa da'ira ce mai faɗin santimita 80 zuwa sama da mita ɗaya, ko da hannunka bai motsa ba, iska kuma ta tsaya cik. Galan ɗin da kake son fasawa faɗinsa wajen santimita 15 ne, tsayinsa wajen 25. In ka gwada girman fuskarsa da na da'irar mita ɗaya, kamar kashi ɗaya ne cikin 20.

Wannan tun ba a zo maganar hanya ba. Ƙwayar harsashin Mosin, wato 7.62×54R, mara nauyi, mai giram 9.6, tana barin bututu da gudun mita 860 da ɗoriya a daƙiƙa, amma sai ta shafe fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ta isa yadi 1,000. A cikin wannan lokacin ta sauka ƙasa da fiye da mita 10 daga inda ka daidaita saitinka na mita 100. Saukar ba ita ce matsala ba, tunda kullum kusan iri ɗaya ce, ana iya rubuta ta a ajiye. Iska ce mai wahalar sha'ani. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana iya ture ƙwayar mita biyu da rabi zuwa uku. Ke nan in ka yi kuskuren kilomita biyu kacal wajen ƙiyasta iskar, ka kauce da fiye da santimita 30, ninki biyu na faɗin galan. Ga shi iskar da ke kaɗawa inda kake kwance ba lallai ita ke kaɗawa a tsakiyar fili ba. Sannan tsakanin mita 800 da 900 gudun ƙwayar yana saukowa kusa da gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, kuma a nan ne wasu ƙwayoyin ke fara tangaɗi. Na ƙarshe, tsinken saitin gaba, wanda kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, yana rufe maka fili mai faɗin kusan mita biyu a wannan nisan. Abin da kake nema ya ɓuya a bayan abin da kake nemansa da shi.

Wanda ya fasa galan ya yi ƙoƙari, ban raina masa ba. Amma yawanci yana da abokin da ke kallo ta madubin hangen nesa yana gaya masa inda ƙura ta tashi, ya yi ta gyara har da'irar harbinsa ta zauna a kan galan, sauran kuma dace ne. Abin da na fi so ka duba shi ne yadda gwanayen da suka kafa wannan wasa suka ɗauke shi. A 1874, a filin Creedmoor da ke kusa da birnin New York, maharban Amurka da na Ailan sun kara a yadi 800, 900 da 1,000, kowane ɓangare mutum shida, babu madubi a kan bindiga. Amurka ta ci da maki 934 a kan 931. Allon da suka harba faɗinsa ƙafa 12 ne, tsayinsa ƙafa 6, baƙin tsakiyarsa kuma ƙafa uku-uku. Har yau, a allon yadi 1,000 da ake gasa da shi a Amurka, baƙin da ake saitawa faɗinsa inci 44 ne, sama da mita ɗaya. Manyan gwanaye ke nan, da bindigogin da aka ƙera don gasa.

Saboda haka ka saya in ranka yana so, amma ka sauya gasar. Ka fara da takarda a mita 100, harbi goma a jere, ka auna tazarar ramuka biyun da suka fi nisa da juna. Goma nake nufi, don harbi uku yakan yi wa mutum daɗin baki. Abin da ka samu shi ne gaskiyar bindigarka da hannunka. Daga nan ka nemi farantin ƙarfe mai faɗin santimita 40 a mita 300, in kana samunsa takwas cikin goma ka matsa mita 500 da faranti mai santimita 60. Mutumin da ke buga faranti a mita 500 da saitin ƙarfe, yau da gobe, cikin iska, ya fi ni burgewa a kan wanda ya fasa galan sau ɗaya bayan ya ƙarar da akwati.

Tambaya: An nuna mini huɗu: Mosin 91/30, Lee-Enfield No. 4, Mauser ta Suwidin, da K31 ta Suwizalan. Wacce zan ɗauka don harbin mita 300 zuwa 600?

Amsa: Ɗan'uwa, in duka huɗun lafiyarsu ɗaya, ni K31 zan ɗauka, Mauser ta Suwidin ta biyo baya kusa-kusa. Dalilina tarihi ne. Ƙasashen nan biyu ba su shiga yaƙin duniya na ɗaya ko na biyu ba, don haka ba a ƙera bindigoginsu cikin gaggawa ba, ba su kuma kwana cikin laka ba.

K31 an ƙera ta a masana'antar gwamnati da ke Bern daga 1933 zuwa 1958. Sakatarta ja da turawa ce kai tsaye, ba a murɗawa. Kunamarta tana da laushi da tsabta fiye da na yawancin bindigogin soja, harsashinta kuma, 7.5×55 da ake kira GP11, ya yi suna wajen daidaito, ga shi ba ya barin gishirin da ke cin bututu. Shi ya sa za ka ga katakon K31 duk ya sha duka, amma cikin bututun yana ƙyalli. Mai kyau takan tara harbi cikin MOA ɗaya da rabi zuwa biyu. Kaurin ƙwayarta daidai yake da na sanannen harsashin nan mai inci .308, abin da ke sauƙaƙa wa masu ɗura harsashi da kansu inda doka ta yarda. Aibinta ɗaya: GP11 na asali ya yi wuyar samu.

Mauser ta Suwidin, ƙirar m/96 da ƙanwarta gajeruwa m/38, tana cin 6.5×55, harsashin da Suwidin da Norwe suka amince da shi tare a 1894. Ƙwayarsa siririya ce doguwa, tana ratsa iska da kyau, dukan kafaɗarsa kuma da sauƙi. Kamfanoni da dama suna yin sa har yau saboda mafarauta. A jikin katakon akwai ɗan faifan tagulla da masu duba makamai suka buga wa alamar lafiyar bututu, amma ka tuna shaidar ranar da aka duba ce, shekaru da yawa sun wuce. Abu biyu za ka kiyaye: saitin m/96 daga mita 300 yake farawa, don haka a mita 100 za ta riƙa harbi sama sosai, kuma ƙirar ta girmi Mauser 98, ba ta son harsashi mai matsin da ya wuce ƙa'ida.

Lee-Enfield No. 4 ita ta fi su kyawun saiti. Maimakon tsaga a tsakiyar bututu, ƙaramin rami ne kusa da ido, wanda ake leƙawa, irin mai dunƙulen murɗawa kuma yana hawa daki-daki daga yadi 200 zuwa 1,300. Tazarar saitin gaba da na baya ta fi tsawo, kuskuren ido ya ragu. Matsalarta ita ce yawancinsu sun ga aiki. Albarushin cordite da Ingila ta daɗe tana amfani da shi a harsashinta, .303, yana da zafi, yana cinye maƙogwaron bututu, kuma daidaiton bindigar ya rataya a kan yadda katakon gaba ya zauna. In ka dace da mai sabon bututu, abokiyar tafiya ce.

Mosin ita ce ta ƙarshe a jerina, duk da ina ganin girmanta. An karɓe ta a Rasha a 1891, an ƙera wajen miliyan 37, kuma ba ta san lalacewa ba. Amma kunamarta nauyi, kaurin cikin bututunta ya bambanta daga wannan zuwa waccan, waɗanda aka yi a tsakiyar yaƙi kuma aikinsu na sauri ne. Wani abin da mutane ba su sani ba: an daidaita saitin 91/30 ne da banati a maƙale, don haka in ka cire shi harbin yakan karkata. In Mosin kake so dole, nemi ta Finlan. Mutanen Finlan sun ɗauki uwar bindigar Rasha, wato ƙarfen da sakata ke gudana a cikinsa, suka sa mata sabon bututu da saiti da kunama mai kyau, suka fitar da irin su M28/30 da M39. Waɗannan wata aba ce daban.

Kafin ka biya, tambayi kanka wane harsashi za ka iya samu a kai a kai, ta hanyar halal, shekara biyar nan gaba. Bindigar da ta fi kowacce daidaito amma ba abincinta, ado ce a bango.

Tambaya: Wani dillali mai lasisi ya turo mini hotuna. Katakon yana sheƙi, ƙarfen baƙi wuluk. Ya ce sai na yi sauri. In tura kuɗi?

Amsa: A'a, malam, ba a cinikin biri a sama. Sheƙin katako ba ya harbi. Bututu kake saye, sauran duk rakiya ce, kuma hoton waje ba ya nuna cikin bututu.

In ka je, a tabbatar bindigar babu harsashi, a zare sakata, ka haska fitila ta baya ka leƙa ta baki. Layukan murɗiyar da ke juya ƙwaya su kasance da kaifin gefe. Duhu kaɗan a cikin kwarin layukan ba ya kashe bindiga, da yawa masu duhun bututu suna harbi lafiya. Abin gudu shi ne layukan da suka shafe, da ramukan tsatsa masu zurfi, da zoben duhu a wuri ɗaya, wanda ke nuna bututun ya taɓa kumbura. A fara goge maiƙon ajiya tukuna, don yana ɓoye aibi.

Daga nan ka duba leɓen bakin bututu, inda ƙwaya ke rabuwa da bindiga. In gefe ɗaya ya ci ko ya lotsa, iskar albarushi za ta fita ta nan kafin ɗaya gefen, ta ture gindin ƙwayar tun daga tashi. Sojoji da yawa sun cinye wannan wuri da sandar goge bututu ta ƙarfe. Shi ya sa za ka ga wasu Mosin an rarake bakinsu ciki kaɗan a ma'ajiyar makamai, don a kai ga layuka masu rai. Wannan gyara ne, kada ya tsorata ka. Sai maƙogwaro, farkon layukan daga inda harsashi ke zama. Nan wuta ke fara ci, kuma madubin leƙen bututu ne kawai zai nuna maka shi sosai.

Lambar da ke jikin sakata ta dace da ta uwar bindiga. In ba su dace ba, ba a ce kada ka saya ba, amma ya zama wajibi maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi da ma'aunansa. In ta yi yawa, kwanso yana iya tsagewa ya watso maka wuta a fuska. Ni ko lambobin sun dace, sai an auna.

Akwai tarkon da ya fi waɗannan haɗari: bindigar da ke cin harsashin da ba shi kake zato ba. Isra'ila ta mayar da Mauser 98 da yawa zuwa 7.62×51. Indiya ta ƙera Ishapore 2A da 2A1, kamarsu ɗaya da Lee-Enfield mai .303, alhali 7.62×51 suke ci. Tsofaffin bindigogin Jamus ƙirar 1888 an yi su ne don ƙwaya mai kaurin inci .318, harsashin milimita 8 na baya kuma .323 ne. A Amurka, Springfield M1903 da lambarta ke ƙasa da 800,000 daga masana'antar Springfield, ko ƙasa da 285,507 daga Rock Island, an daɗe ana gargaɗin kada a harba su, saboda yadda aka gasa ƙarfen wasunsu ya sa shi gautsi. Dillalin da ya ƙi yarda maƙeri ya duba, ko ya ƙi sharaɗin mayarwa in an sami aibi, ka bar masa kayansa.

Tambaya: Na sami akwatin harsashin rarar soja, tsoho amma a rufe cikin gwangwani, da rahusa sosai. Zai yi mini harbin nesa?

Amsa: Zai yi maka atisaye a mita 100 zuwa 300, kuma don wannan kaɗai ya cancanci saye in ajiyarsa ta yi kyau. Koyon riƙo da numfashi da jan kunama yana son harbi da yawa. Amma daga mita 500 zuwa sama araha ba ta ado. Harsashin soja an yi shi ne miliyan-miliyan, kuma gudun wannan yakan bambanta da na wancan. Bambancin mita 30 a daƙiƙa ba ya nuna kansa a mita 100, amma a yadi 1,000 ya isa ya sa ɗaya ya faɗi ƙasa da ɗan'uwansa da fiye da rabin mita. Za ka yi ta zargin idonka, alhali laifin yana cikin gwangwani. Don nesa, ka sayi 'yan fakiti na harsashin gasa mai ƙwaya mai nauyi, ka gwada iri biyu ko uku, ka tsaya a kan wanda bututunka ya fi so. Ka lura kuma Mosin ta Rasha da Lee-Enfield ƙwaya mai kaurin inci .311 ko .312 suke so; mai .308 takan yi musu sako-sako.

Yawancin tsohon harsashin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, da na .303 da milimita 8 na lokacin yaƙi, makunninsa, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, yana barin gishiri a cikin bututu. Gishirin yana jan laima, kuma a wuri mai danshi tsatsa tana iya farawa kafin gari ya waye. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. A ranar da ka yi harbi, ka zuba ruwan zafi ta bututu, ka goge fuskar sakata, ka busar sarai, sannan ka bi da maganin goge bututu da mai. Bututun tsofaffin bindigogi da yawa ba yaƙi ne ya kashe su ba, sakacin kwana ɗaya ne.

Ka kuma gwada ƙwayar da maganaɗisu, ka tambayi masu filin. Da yawa cikin irin wannan harsashi suna da ƙarfe a ciki, yana huda faranti, yana tartsatsin da ke tayar da gobara a busasshiyar ciyawa, shi ya sa filaye da yawa suka hana shi. In ka ja kunama ka ji ƙyas ba ƙara, kada ka buɗe sakata. Bar bakin bindiga yana kallon allo har minti ɗaya, don tsohon makunni yakan yi jinkirin tashi. In kuma ƙarar ta fita rauni-rauni, dakata ka leƙa bututu kafin ka sake ɗurawa. Duk harsashin da kwansonsa ya tsage ko ya yi kore, ware shi.

Tambaya: Na haura shekara 60, idona ba ya haɗa saitin baya da na gaba da allo kamar da. Ina da Mosin da K31. In kai a huda su a ɗora madubi?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kafin a taɓa ƙarfe, a fara da ido. Babu idon da ke ganin abu uku a nisa uku tangaran lokaci guda, ko na saurayi. Abin da ake so ya fito sarai shi ne tsinken gaba, allo kuma ya ɗan yi hazo ba komai. Likitan ido zai iya yanka maka gilashin da ya dace da nisan tsinken gaba, ka gaya masa tazarar daga idonka. Bayan haka akwai saitin rami irin na gasa, wanda ake ɗaura wa K31 ba tare da huda ba. Leƙe ta ƙaramin rami yana ƙara wa ido zurfin gani, kuma ya dawo da dattawa da yawa fili.

In madubin ne dole, K31 tana da maɗaurin da ake matsewa a gefen uwar bindiga ba huda, kuma gefen ake sa shi don tana tofar da kwanso sama. Mosin ta fi wuya: hannun sakatarta a miƙe yake, zai bugi madubi, sai an lanƙwasa shi an kuma huda. Hanyar da ba ta ɓarna ita ce a cire saitin baya a ɗora madubi mai nisan ido a gurbinsa. Ko wanne ka bi, katakon an yi shi ne don saitin ƙarfe, kuncinka zai rasa wurin zama sai ka ɗaura matashin fata.

Ina roƙonka kada a huda, musamman K31. Ramin da aka yi ba ya toshewa, darajar bindigar tana faɗuwa, kuma ta fita daga rukunin gasar bindigogin da ke yadda soja ya karɓe su, irin wadda hukumar CMP mai koyar da fararen hula harbi ke shiryawa a Camp Perry na Amurka a yadi 200. Madubi kuma yana gyara gani ne kawai, bindigar MOA huɗu tana nan a MOA huɗu. In har za ka saya, duba yawan hawan da dunƙulensa ke yi, don yadi 1,000 yana neman wajen MOA 40, masu araha da yawa kuma ba su kai nan. Ka yi hattara da Mosin da ake tallatawa a matsayin ta gwanayen harbi na soja mai madubin PU na Tarayyar Sobiyet. Na jabu sun yi yawa a kasuwa.

Tambaya: Ni mace ce, ina harbi da ƙaramar bindiga mai harsashin .22, yanzu ina son shiga ta manya. An ba ni shawarar gajeriyar Mosin M44 wai ta fi sauƙin ɗauka. Ko in haƙura in sayi sabuwar bindiga?

Amsa: 'Yar'uwa, wanda ya ba ki shawarar M44 bai kyauta miki ba. Bututunta wajen santimita 51 ne, na 91/30 kuma 73, harsashin ɗaya. Albarushin da bai gama ci ba yana fashewa a baki da wuta da ƙara mai tsanani, saitin ya gajarce, gindin kuma farantin ƙarfe ne. Abin da ke biyo baya shi ne ƙifta ido da ture kafaɗa kafin harbi ya tashi, ɗabi'ar da ke saurin kamawa, mai wuyar saki, ga maza da mata. In tsohuwa kike so, Mauser ta Suwidin ce taki, da robar gindi mai sawa da cirewa, da abin toshe kunne biyu, na ciki da na waje.

Game da sabuwa kuwa, ga gaskiya: in burinki samun ƙaramin abu daga nesa ne, sabuwar bindiga mai sauƙin kuɗi irin Ruger American, Savage Axis ko Howa 1500, mai cin 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, za ta fi kusan duk tsofaffin nan daidaito, ta zo da wurin ɗora madubi, harsashin gasarta kuma yana ko'ina ake sayar da irin waɗannan kaya. Tsofaffin ma sun daina arahar da aka san su da ita, tunda rumbunan da ake kwaso su sun ƙare. Mai sayen tsohuwa yana saye ne don yana son ya gwada kansa da kayan da mutanen da suka riƙe. Dalili ne mai kyau, ni ma shi ya riƙe ni. Kada dai ki sayar da .22 ɗinki: harba ta a mita 200 cikin iska yana koyar da karatun iska kamar babbar bindiga a nesa mai yawa, da kuɗi kaɗan.

Tambaya: Filin harbin da nake zuwa mita 200 ne iyakarsa. Akwai wani fili fetal da ba kowa, zan iya kafa faranti a can?

Amsa: Kada ka yi, malam. Harsashin waɗannan bindigogi yana iya tafiya fiye da kilomita uku in ya tsallake abin da aka saita, kuma ƙwayar da ta bugi ƙasa mai tauri ko dutse ko ruwa tana tashi ta canza hanya. Filin da idonka ya ce ba kowa, ba ka ga abin da ke bayan kilomita biyu ba. Filin harbi na gaskiya yana da tudun ƙasa a bayan allo, da yankin da aka killace a bayan tudun, da jami'in da ke ba da izinin harbi da dakatarwa. A ƙasashe da yawa kuma harbi a wajen wurin da aka amince laifi ne da ke jawo ƙwace lasisi, ko abin da ya fi haka.

Mita 200 ɗin da kake da su ba ka gama cin moriyarsu ba. Rage girman allo maimakon ƙara nisa: da'irar santimita 12 a mita 200 daidai take da MOA biyu, kuma kaɗan ne cikin tsofaffin bindigogi ke zama a cikinta harbi goma a jere. Sauka daga kan tebur ka harba a kwance da maɗaurin kafaɗa, sannan a zaune, sannan a tsaye. Ka riƙe littafi kana rubuta irin harsashi, lambar saiti, yanayin iska da inda kowane harbi ya faɗa. Ka tambayi ƙungiyar maharban da ke filinku ko suna shirya tafiya zuwa fili mai tsawo, yawancinsu suna yi, kuma ranar da ka je can da littafin nan za ka fara.